Ranar da Aka Ɓoye Yaya Lantana

Hantsi bai gama dubar ludayi ba gidan Umma Fiddausi da ke Tungan Maje ya cika da ƙamshin soyayyen kaji da turaren wuta. Asabar ce, kuma bayan azahar ake jiran matan gidan su Badaruddeen da kayan sa ranar aurensa da Mashkura.

Mashkura ba mai yawan magana ba ce. Tun tana ƙarama idonta ya fi bakinta aiki. Shi ya sa da ta shigo falo da faranti a hannu, ba sabon labulen ta fara gani ba. Ƙusa ta gani a bango, tsirara, da shatin wuri inda fenti bai koɗe ba.

Jiya a nan hoton Yaya Lantana yake, wanda aka ɗauke ta rungume da takardar shaidar koyon ginin tukwane, tana dariya har idanunta sun rufe. Hoton marigayi Baba na nan. Na Mashkura da rigar kammala digiri na nan. Na ƙaninta Ameer da ke karatu a Zariya ma na nan.

Ta ajiye farantin ta leƙa bakin ƙofa. Takalman Yaya masu maɗauri, waɗanda kullum suke gefen dama, babu su.

Lantana ta girme ta da shekara huɗu, kuma da lalurarta aka haife ta. Gajeriya ce, harshenta na da nauyi, abin da wani zai koya a mako ita sai ta shekara a kai. Likitoci na da sunan da suke kiran abin, unguwa ma tana da nata. 'Yar ruwa suke cewa. Har wata tsohuwa ta taɓa ba Baba shawarar a kai ta bakin rafi a ajiye, masu ita su zo su ɗauki abarsu. Baba ya raka tsohuwar har waje, bai sake bari ta taka masa gida ba.

Saboda Lantana ne Mashkura ta karanci koyar da masu buƙata ta musamman, saboda ita ce kuma ta nemi aiki a cibiyar da jami'a ta buɗe don horar da irinsu da iyayensu. A can Lantana ta koyi haɗa shayi ba ta ƙone ba. Ta koyi shiga motar Kwali ta sauka inda ya dace, ta koyi gina kasko da tulu a hannun matan da suka gaji sana'ar. Shekara uku aka yi ana wannan fama.

A can ne kuma Badaruddeen ya shigo rayuwarsu. Digiri na biyu yake yi, bincikensa a kan yadda unguwa za ta rungumi irin su Lantana ne. Shi ya yi wata biyu cur yana bin motar Kwali da ita, yana zaune a kujerar baya, har ta daina buƙatarsa. Yaya yake ce mata, ita kuma ta ce Malam Badaru. Ranar da Mashkura ta ga ya tsaya yana sauraron labarin da Lantana ta yi minti goma tana harhaɗawa, bai ƙarasa mata kalma ko ɗaya ba, ranar ta san ta kamu.

Ta sami Umma a kicin.

"Umma, ina hoton Yaya?"

Umma ba ta juyo ba. Ta ce ta sauke shi ne saboda gilashin ya yi datti. Mashkura ta tambayi takalman.

Can Umma ta rage wuta.

"Nan maƙwabta, gidan Maman Miriam za ta wuni. Da sun tafi ta dawo. Awa uku ne, Mashkura, ba shekara uku ba."

"In sun tambaye ta fa?"

"Ba sa tambayar abin da ba su san da shi ba."

Mashkura ta jingina da ƙofa. Umma kuwa kamar jira take, ta shiga tuna mata abin da ba ta manta ba. Manemi na farko, ranar da ya ga Lantana ya ɗauke ƙafa ko sallama babu. Na biyu uwarsa ta aiko cewa su ba sa aure a gidan da ke da tabo. Yanzu ga ta da shekara ashirin da bakwai, Kawu Baƙo, ƙanin Baba kuma waliyyinta, ya ce ya gaji da karɓar goro yana mayarwa. In wannan ma ya watse, to ga Muhyiddeen mai shagon tayil a Utako nan yana jira, shi da ya san komai kuma ya ce ya ji ya gani.

Sunan kaɗai ya sa Mashkura ta kau da kai. Gaskiya ne, Muhyiddeen ba ya gudun Lantana. Yakan zo da biskit, ya shafa mata kai kamar 'yar yaye, ya ce ita ce tikitinsa na aljanna. Ya kuma ce ya san wani malami a ƙauye da zai riƙe ta a wurinsa har ta warke. Bai taɓa yi mata tambaya ya tsaya jin amsa ba.

"Kada ki dube ni kamar ba na sonta," in ji Umma. "Ni na goya ta shekara biyar ba ta taka ba. Ni aka nuna da baki a gidajen biki. In na kwanta dama wa zai riƙe ta in ba ke ba? Ke kuma sai kina da ɗakin kanki."

"Ɗakin da aka gina a kan babu ita, Umma, ta wace ƙofa za ta shiga?"

"Ki shiga tukuna. In kin shiga kya buɗe mata."

Hawaye ya zubo wa Mashkura, ta bar shi.

"Badaru ba zai yarda da wannan ba."

Umma ta goge ido da gefen ɗankwali, ta dube ta da tausayin da ya fi faɗa ciwo.

"Shi ya roƙe ni. Shekaranjiya ya zo kina wurin aiki. A nan ya durƙusa, inda kike tsaye."

Da ta kira Badaruddeen, bugu ɗaya ya ɗaga wayar, da fara'arsa, yana ce mata amarya. Da ya ji tambayar sai fara'ar ta mutu. Bai musa ba. Ya ce shi kaɗai ne ɗa namiji a wurin Hajiyarsa, kuma Gwaggonsa, yayar mahaifinsa da za ta jagoranci matan, mace ce da ke tone asalin mutum har kaka na bakwai. Shi ya sa ya ce musu su biyu ne a gidan, Mashkura da Ameer. Ba da mugun nufi ba. In an ɗaura aure zai zaunar da Hajiya ya yi mata bayani a hankali, da littattafai da komai.

"Yau kaɗai, Mashkura. Don Allah. Kin san yadda nake ji da Yaya."

"Na san yadda kake ji da ita a cibiya. Yau nake ganin na gida."

Ya shiga rantse-rantse. Ta tambaye shi abu guda, ko ya tambayi Yaya ita me take so. Ya sake komawa rantsuwa, ta kashe wayar.

Akwai wata ƙa'ida a cibiyar da shugabarsu, Madam Felicity, ke fara koya wa duk sabon ma'aikaci kafin ma a nuna masa ofis. Ba a yanke wa mutum hukunci yana zaune. Ka ajiye masa zaɓi biyu a fili, ka tambaye shi, ka kama bakinka ka jira komai daɗewa. Abin da ya zaɓa kuma shi za a yi, ko da kai bai yi maka ba. Mashkura ta koya wa iyaye fiye da ɗari wannan ƙa'ida. Yau ta ga cewa a gidan wasu ta fi sauƙi.

Lantana na zaune a bakin gado. Ta riga ta sa leshinta ruwan ƙwai, wanda ta goge da kanta tun ranar Laraba, ta ɗaura ɗankwali ya karkace gefe guda. Takalman na cikin leda a cinyarta.

Mashkura ta tsuguna a gabanta har idanunsu suka daidaita. Ta buɗe tafin hannun dama.

"Yaya, wannan ki zauna a gida ki gai da baƙi." Ta buɗe na hagu. "Wannan ki je gidan Maman Miriam. Wanne kike so?"

Ta kama bakinta.

Lantana ta dubi hannun dama. Ta daɗe tana dubansa, tana murza bakin leshinta. Mashkura ta san mako biyu ke nan tana maimaita gaisuwar a gaban madubi: sannunku da zuwa, ya hanya, ga ruwa. Ta san akwai kaskon turare da ta gina musamman, ta yi masa zane da tsinke, ta ce na dangin Malam Badaru ne.

Lantana ta ɗora yatsa a hannun hagu.

"Kin tabbata, Yaya?"

"Na ji Umma." Kalmomin na fitowa ɗaya bayan ɗaya, da nauyinsu. "In sun gan ni, ba aure. Ina so ki yi aure. In sa anko."

Mashkura ta dubi yatsan da ke kan tafin hannunta. Bakinta ya cika da maganganu: kada ki je, ba haka ba ne, zauna mu gani. Ta san in ta ce zauna Lantana za ta zauna, don ba ta taɓa yi mata musu ba. Amma da ta yi haka, ita ma ta zama kamar su, mai ɗaukar Yaya ta ajiye inda ya yi mata daɗi. Ta haɗiye duka.

"To, Yaya. Kin zaɓa. Sa takalmanki."

Umma ta so a bi da ita ta ƙofar baya, ta wajen tankin ruwa. Mashkura ta riƙe hannun yayarta suka fita ta babbar ƙofa, suka gai da mai kanti, suka gai da matan da ke tsinkar alayyafo a inuwa.

Catherine, wadda unguwa ke kira Maman Miriam, shekararta goma sha biyu tana maƙwabtaka da su. Ta rungume Lantana tana yaba leshin, sannan ta ƙare wa Mashkura kallo, ta yi magana da Hausarta ta 'yan koyo.

"Amarya, me ya faru? Fuskan ka ba kyau."

Mashkura ta ce babu komai.

"Ni na gaya wa Maman ka wannan abu ba daidai ba ne," in ji Catherine ƙasa-ƙasa. "Amma ni maƙwabci ne kawai. Lanti, zo ka zauna, zan sa maka fim."

Ƙarfe biyu da rabi motar ta tsaya. Badaruddeen ne ya tuƙo su, kuma kamar yadda aka saba bai shigo ba, ya zauna a mota a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya. Mata huɗu suka shigo da guɗa. Aka jere huhun goro, katan-katan na alawa da biskit, da dabino. Aka yi gaishe-gaishe, aka ci aka sha, aka yi barkwanci a kan Katsinawa da suka zo neman aure gidan Zage-zagi. Umma har da dariya.

Sannan aka kira amarya.

Mashkura ta shigo lulluɓe, ta durƙusa. Ta ƙasan mayafi ta ga ƙafafun Gwaggo, jajaye da lalle, da carbi mai tsada a gefensu. Ta ga kuma abin da Umma ta manta a cikin gaggawarta. Ta kwashe hoto, ta kwashe takalma, amma turaren da ke tashi a tsakiyar falon a cikin kaskon Lantana yake.

Anti Kauthar, ƙanwar Hajiyar Badaruddeen, ita ta fara yabawa. Ta ce ba ta taɓa ganin kasko mai irin wannan zanen ba, layukan ba su miƙe ba amma sun yi kyau. A ina aka saya? Umma ta ce a Kwali, da sauri, ta miƙa musu farantin kaji.

Gwaggo ta sa aka ɗaga wa amarya mayafi. Ta yaba hankali, ta yaba kunya. Ta ce sun ji labarin aikin da take yi na taimakon marasa lafiya, aikin lada ne, amma in an yi aure gara a rage, don mace mai ciki ba a so ta riƙa yawan kallon irin waɗannan.

"Ashe ke kaɗai ce mace a wurin Ummanki," in ji ta. "Ke da ƙaninki. To ai za a sha kuka ranar kai amarya."

Umma ta yi murmushi.

Abin da ake buƙata daga Mashkura kaɗan ne. Ta sunkuyar da kai kawai, kowa ya ce kunya ce, a sa rana, a yi addu'a. Ba a ma nemi ta yi ƙarya da bakinta ba. Ita da ko a aji ba ta ɗaga hannu.

Ta ɗago.

"Mu uku ne, Gwaggo."

Cokalin Anti Kauthar ya tsaya a hanya.

"Ina da yaya, Lantana. Ita ta gina kaskon nan, kuma dominku ta gina shi. Tana da lalura tun haihuwa. Yanzu haka tana maƙwabta, an kai ta don kada ku gan ta."

"Mashkura," in ji Umma, kamar mai numfashin ƙarshe.

"Ki yafe mini, Umma. Ranar wanka ba a ɓoye cibi."

Gwaggo ta ɗauki carbinta ta naɗe shi a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambayi wace irin lalura ce, Mashkura ta yi bayani a taƙaice, yadda take yi wa iyaye a cibiya. Ɗaya daga cikin matan ta raɗa wa ta kusa da ita cewa 'yar ruwa ce ke nan. Mashkura ta juya ta dube ta.

"'Yar Babana ce, Hajiya. Da sunanta."

"A jini yake?" in ji Gwaggo.

"Yawanci ba gado ba ne. Kowace mace na iya haifa, a gidanmu ko a gidanku. Amma ba zan rantse miki a kan abin da Allah bai ba ni ba tukuna. In Ya ba ni irinta, zan goya, zan kuma fita da ita biki."

Umma ta fashe da kuka. Ta shiga ba da haƙuri, tana cewa yarinta ce, tana cewa laifinta ne ita uwa. Anti Kauthar ta ce a bi abin a hankali, ai lalura ba ta wuce kan kowa ba. Gwaggo ta ɗaga mata hannu.

"Ni ba lalurar ce ta fi damuna ba. Da an faɗa mana tun farko, da mun san abin da za mu tattauna. Amma gidan da zai ɓoye mutum sukutum a ranar sa rana, me kuma ya ɓoye? An ruɗi yaronmu, an ce masa su biyu ne."

Idon Umma ya kama na Mashkura yana roƙo. Ki bari a kanmu, kada ki ƙarasa rushe abin. Mashkura ta dubi uwar da ta goya Lantana shekara biyar, zaune a cikin falonta ana kiranta maƙaryaciya.

"Ba a ruɗe shi ba, Gwaggo. Ki tambayi wanda ya tuƙo ku."

Gwaggo ta miƙe. Ta ce a kwashe kayan.

Ba abin da ya kai fitar da goro daga gida saurin tara jama'a. Kafin a kai huhun farko mota, matan alayyafo sun taso, mai kanti ya leƙo. Badaruddeen ya fito da sauri yana tambayar abin da ya faru. Gwaggo ta ce ya buɗe but, magana sai an je gida. Ta shige gaba ta zauna, sauran suka shige baya.

Mashkura ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Ya taho wurinta, fuskarsa duk gumi.

"Me kika yi? Awa uku kawai na roƙe ki."

"An tambaye ni, na amsa."

"Kin san abin da kika jawo mana? Kawunki zai ba wa wancan mutumin..."

"Ni ba buhun masara ba ce da za a ba wani. Ba zan auri Muhyiddeen ba, kuma ba zan aure ka a kan gawar mai rai ba. Hannu ba ya ruɓewa a yanke a yar, balle nawa lafiyarsa ƙalau." Muryarta ta karye, ta tsaya ta saita ta. "Ina sonka, Badaru. Allah Ya sani. Da ba na sonka da abin bai yi ciwo haka ba."

Gwaggo ta danna hon.

A lokacin ne ƙofar gidan Maman Miriam ta buɗe. Lantana ta hango kayan ana mayarwa ta taga. Ta taho da ɗan gudunta mai nauyi, ɗankwali ya zame, Catherine na biye da ita. Ta kama hannun Mashkura da hannu biyu.

"Ban fito ba. Wallahi ban fito ba. Ina ciki. Ki gaya musu ban fito ba."

Mashkura ta rungume ta, kukan da ta danne tun safe ya ƙwace.

"Na sani, Yaya. Kin cika alkawari. Ba ke ba ce."

A cikin mota Anti Kauthar ta sauke gilashi. Lantana ta saki ƙanwarta, ta juya ta ga Badaruddeen, sai fuskarta ta washe don sabo, sannan ta sake haɗewa. Ta matsa gabansa. Kanta bai kai kafaɗarsa ba.

"Malam Badaru. Kunyata kake ji?"

Hon ya sake tashi, dogo.

Ya dubi motar. Ya dubi mutanen layi. Mashkura ta ga makullin a hannunsa, ta shirya wa ganin bayansa. Ta riga ta ga bayan mutum biyu a wannan layin.

Ya durƙusa. A ƙasa, da farar shaddarsa, a gaban Gwaggonsa da matan alayyafo.

"Na ji, Yaya. Ni na ce a kai ki can. Ba Umma ba ce, ba Mashkura ba ce. Tsoro na ji, kuma ban kyauta ba."

Lantana ta ƙare masa kallo.

"Ba kyau," ta ce.

"Ba kyau, Yaya."

Ƙofar mota ta buɗe. Gwaggo ta fito, ta gyara mayafi, ta ce tunda ya zaɓi tsugunno a titi ita ba da ita ba. Ta sa aka tsayar da Keke Napep, ta ce wa matan su fito. Biyu suka bi ta. Anti Kauthar ta yi jinkiri, ta dubi Lantana daga sama har ƙasa, ta ce mata kaskon ya yi kyau, sannan ita ma ta shiga. Tun keken bai juya ba Mashkura ta ga Gwaggo ta kara waya a kunne.

Goron na cikin but. Ba a sa rana ba.

Badaruddeen ya ɗago ya dubi Mashkura, har yanzu gwiwarsa a ƙasa. Ya tambaye ta ko ta yafe masa.

"Durƙuso a titi ba wuya, Badaru, na rana ɗaya ne. Ni ba zan shiga gidan da sai an yi bayanina a hankali ba. Mahaifiyarka ta ji daga bakinka, ta zo da ƙafarta ta gai da Yaya, sannan a yi maganar rana. In ba haka ba, ka sauke wa mutanen layi goron su ci."

Wayarsa ta fara ruri a aljihu. Ya ciro. Daga inda take tsaye ta ga sunan: Hajiya.

Wayar ta yi ƙara har ta katse. Ta sake farawa.

Mashkura ba ta ce masa ɗauka ba, ba ta ce bari ba. Ta gyara wa Lantana ɗankwali, ta kama hannunta suka nufi gida. Umma na tsaye a bakin ƙofa da jajayen idanu, ta matsa ta ba su hanya.

Ƙafarta ɗaya na ciki ta ji ƙarar ta yanke, ta ji muryarsa a bayanta, tana rawa amma ba ta yi ƙasa ba.

"Hajiya, ki saurare ni kafin ki yi fushi da su. Ni na yi muku ƙarya. Su uku ne, kuma babbar sunanta Lantana."